Wasiƙa daga Jidda kan idon Baba

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kai da iyali da su Baba da Inna kuna lafiya. Ni ma nan lafiya lau, alhamdu lillahi.

Saƙonka ya tayar min da hankali. Ka ce Baba komai a hazo yake ganinsa, fitilar mota tana kashe masa ido da dare, har karatun Alƙur'ani ya fara gagararsa. Waɗannan alamun yanar ido ne. A bayan baƙin ido akwai wani ɗan abu garau da ke tattara haske. Idan shekaru suka ja sai ya dushe, a hankali ya yi fari, haske ya kasa ratsa shi. Wannan ita ce yanar. Tunda a ciki take, kwalli da zuma da maganin ɗigawa ba sa wanke ta. Ciwon sukari yana gaggauta ta, don haka a auna na Baba.

Abin da ya fi damuna shi ne mutumin nan mai yawo ƙauyuka da ka ce Inna na son a kira. Don Allah, Yaya, kada ka yarda. Tsinke yake sawa ya ture yanar ta faɗa can cikin ido. Haske ya ɗan dawo, a yi ta murna, daga baya kumburi da hawan jinin ido su biyo, kuma irin wannan makantar ba ta warkuwa. Ka lallashi Inna, tausayin Baba ne ke damunta.

Ka kai shi Asibitin Ido na ECWA a Kano, ko Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna. Aikin yawanci bai wuce minti 30 ba. Allurar kashe zafi ake yi, ba a sa mutum barci, a cire abin da ya dushe a sa na roba a gurbinsa. Ido ɗaya ake fara yi. Kuma kada a ce sai yanar ta gama rufe idon, tun yanzu da ta hana shi karatu lokaci ya yi.

Kuɗin mota da na aiki zan turo ƙarshen wata, in sha Allahu. Ka gaida Baba da Inna, ka ce ina neman addu'arsu.

Ƙaninka