Rahoton Ayyukan Shekara ga 'Yan Ƙungiya, Kumasi

Assalamu alaikum. Malamanmu, iyayenmu, yayye da ƙanne, ga bayanin abin da ƙungiyarmu ta ma'aikatan lafiya da ɗaliban kimiyya 'yan Zango ta gudanar a bana. Lissafin kuɗi yana hannun ma'aji, shi zai karanta shi ranar babban taro.

Aikin da ya fi cin lokacinmu shi ne zaman karatu na ƙarshen wata a Aboabo. Maudu'i ɗaya muka riƙe har shekara ta ƙare: yawan kuskure a binciken ciwon daji, musamman wanda ake yi a kan ƙwayoyin gado. Da farko wasu sun yi ƙorafi cewa wannan zancen 'yan jami'a ne, amma da aka buɗe takardu kowa ya gyara zama. A 2012 Glenn Begley da Lee Ellis sun bayyana a mujallar Nature cewa kamfanin magunguna na Amgen ya sake gwada fitattun bincike 53, guda 6 kawai suka tabbata. Wani aikin haɗin gwiwa da aka kammala a 2021 ya yi niyyar maimaita gwaje-gwaje 193, ya ƙare da 50, kuma cikin manyan dalilai har da cewa masu binciken farko ba su rubuta yadda suka yi aikin dalla-dalla ba.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne ƙanƙantar ƙofar da kuskure yake shigowa ta ciki. Wata ƙanwarmu mai karatu a KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi, ta buɗe manhajar lissafi ta Excel a gaban kowa, ta rubuta SEPT2, sunan wata ƙwayar gado, ta danna, nan take ya koma 2 ga Satumba. Ta rubuta MARCH1, ya zama 1 ga Maris. Wani nazari na 2016 ya sami irin wannan ɓarna a kusan ɗaya cikin biyar na maƙalolin da suka haɗa jerin sunayen a Excel, har a 2020 aka canza wa waɗannan ƙwayoyin suna. Haka kuma ƙwayoyin halittar sankara da ake rainowa a ɗakin gwaji, waɗanda ake kira MDA-MB-435, an yi shekaru ana nazarinsu a matsayin na sankarar mama, ashe na sankarar fata ne.

Daga nan muka dawo gida, don a nan ne maganar ta shafi iyayenmu mata kai tsaye. Idan an yanko tsoka daga maman da ake zargi, ana duba alamomi uku da ke nuna irin maganin da zai dace: ER da PR da HER2. Wadda aka ga ER a tata, ƙwayar tamoxifen za ta iya yi mata amfani sosai. Binciken da asibitin Komfo Anokye ya yi da Jami'ar Michigan ta Amurka ya nuna cewa nau'in da babu ko ɗaya cikin ukun ya yi yawa a matan Gana. To amma idan tsokar ta jima a ajiye kafin a tsoma ta a ruwan fomalin mai hana ta lalacewa, alamar ER tana iya dushewa, a rubuta babu alhali akwai, mace ta rasa maganin da ya dace da ita. Ƙa'ida ita ce a tsoma ta cikin awa 1, ta zauna daga awa 6 zuwa 72. Saboda haka muka yi wa 'yan'uwanmu masu aiki a tiyata da ɗakin gwaji bita ta musamman, kowa ya ɗauki alkawarin rubuta lokacin yanka da lokacin tsomawa a jikin kwalba. A ganina, wannan ne aiki mafi nauyi da muka yi bana.

A watan Oktoba 'yan'uwanmu mata sun zaga makarantun Islamiyya a Asawase da Sawaba da Tafo, suna koyar da yadda mace za ta riƙa duba mamanta. Wata Hajiya ta tambaya, tunda masana ma suna kuskure, me zai hana ta tsaya ga mai tallar magani a rediyo? Muka ce mata, Hajiya, duk kurakuran nan masana ne suka tono su da kansu suka buga, shi kuwa mai tallar babu wanda ya taɓa sake gwada maganinsa. Mun roƙe ta, duk mai ƙulluto a mama ta je asibiti da wuri.

Mun ba da gudummawar jini, mun kuma ziyarci ɗaliban sakandare. Takardun wayar da kai cikin Hausar boko da ajami ba su kammalu ba, su ne aikin farko a baɗi in Allah ya kai mu. Muna neman masu hannun ajami su ba da sunansu ga sakatare kafin babban taro, waɗanda kuɗin wata ya taru a kansu kuma su ga ma'aji.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Wassalam.

Sakataren ƙungiya