Zafi ne ke zubar da furen tumatir, ba yunwar taki ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Tun daren Talata raina yake a ɓace da abin da baƙonku ya faɗa a filin manoma na gidan rediyonku. Wai duk wanda ya ga furen tumatirinsa yana zuba, ya ƙara masa takin yuriya. Haba jama'a! A watan Afrilu? Ranar da zafi ke haura digiri 40, har mutum ba ya iya taka ƙasa ba takalmi?

Ni na taɓa bin irin wannan shawara, kuma na ji a jikina. Shekarar da na makara da dashe, bazara ta riske ni tumatir yana tsakiyar fure. Na sayar da akuya biyu na sayi yuriya na watsa. Ganye ya yi kore shar, abin sha'awa, furen kuwa ya ci gaba da kakkaɓewa, wasu kwamin ma bakin ganyen ya ƙone. Abin da na kai kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan a shekarar bai biya kuɗin mai na injin ban ruwa ba.

Tumatir ba ya son zafi, musamman idan dare ma bai yi sanyi ba. Fure ba ya ɗaurewa, ko buhu nawa ka zuba. Abin da ya cece ni daga baya, mahaifina ne ya koya mini shi, Allah ya jiƙansa. A yi dashe da wuri, tun Oktoba ko Nuwamba, a ci moriyar sanyin hunturu. A lulluɓe gindin shuka da buntun shinkafa ko busasshiyar ciyawa, danshi ya daɗe a ƙasa. Ban ruwa da asuba ko bayan la'asar. A jera masara a gefen yamma ta tare ranar yamma. Takin shanu da ya ruɓe sosai yana riƙe ruwa fiye da yadda mutanen ofis suke zato. Ko ɗaya daga cikin waɗannan baƙonku bai ambata ba, sai maganar gidan gilashi da bututun ban ruwa na ɗigo. Wa ke da kuɗinsu a ƙauyenmu?

Ina jin tsoro ne saboda yara matasa da suka shigo noman rani bana, waɗanda duk abin da rediyo ta faɗa suke ɗauka tamkar yankan wuƙa. Ku dawo da shi ya gyara maganarsa, ko ku gayyato manomi na gaske.

Sannan layin wayarku. Sati uku ina kira, kati yana ƙarewa, ba a ɗauka, amma kullum sai mu ji muryoyin mutum uku ɗin nan na cikin birni. Mu ma muna da bakin magana.

Naku,
Manomin rani daga Kadawa, ƙaramar hukumar Garun Malam, jihar Kano