Wasiƙa zuwa Fatakwal: Maganar Auta

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Ya Fatakwal, ya ruwa? Mu nan Sakkwato zafi ya buɗe sosai, sai dai godiya. Inna tana gaishe ka, ƙafar ta yi sauƙi.

Maganar Auta ce ta sa na zauna rubutu, don ina so ka karanta a natse. Inna ta ce ranar Juma'a ka yi masa faɗa a waya, ka ce lalaci ne da rashin godiyar Allah, saurayi da sana'a a hannu ya shige ɗaki ya kwanta. Na san kishin ɗan'uwa ne ya sa ka. Amma ni da nake ganinsa, kuma ka san shekarun da na yi a aikin jinya, ina gaya maka Auta ba shi da lafiya. Abin da nake zato ciwon damuwa ne, likita ne kuma zai tabbatar.

Na leƙa shagonsa. Keken ɗinki ya yi ƙura, shaddar mutane tun ta kafin azumi tana jibge, an yanka ba a haɗa ba, zanen alli na nan a jiki. A gida na iske shi a ɗaki da rana tsaka, ƙofa da taga a rufe cikin wannan zafi, furar da Inna ta dama masa da safe ta yi tsami a kwano. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya ce yana farkawa tun cikin dare, barci ba ya dawowa har assalatu. Yaron da ba ya rasa gidan kallon ƙwallo, yanzu ko sakamako ba ya tambaya. Da na matsa, sai ya ce: "Yaya, ba ni jin daɗin komi. Ni dai kaya na zame ma Inna."

Baƙin ciki kowa yana yi, ya kwana biyu ya wartsake. Wanda likitoci ke kira ciwo shi ne idan ƙuncin, ko rashin jin daɗin abin da mutum ya saba so, ya wuni da shi kusan kullum har mako 2 ko fiye, ya taɓa barcinsa da cinsa da ƙarfin jikinsa, hankalinsa ya kasa tsayawa wuri ɗaya, ya riƙa ganin kansa ba shi da amfani. Na Auta ya haura wata uku. Kuma ba shi kaɗai ba ne: a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu wannan ciwo sun kai miliyan 280, mata sun fi yawa. Dalili ba ya zama guda. Akwai gado, akwai yadda ƙwaƙwalwa ke sarrafa barci da kuzari da walwala, akwai bugun rayuwa. Ka tuna shi ya yi jinyar Baba har ya cika a hannunsa, bai kuma taɓa zama ya yi maganar da kowa ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne batun imani, wai raunin imani ne ke damunsa, don na ji dattawan unguwa ma suna maimaita shi. Annabi Yaƙubu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusufu har idanunsa suka yi fari, Alƙur'ani ne ya ba mu labari. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, Shekarar Baƙin Ciki ake kiran ta. Malam Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya rarrabe ƙuncin da aka san sanadinsa da wanda ke saukar wa mutum haka kawai daga jiki, ya ce na biyun yana buƙatar magani. A garin nan namu ma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce kan ilimin magani. Auta yana sallarsa, ko da jan jiki ne. Inna ta karɓo masa rubutu da tofi, ban hana ba, addu'a takobin mumini ce. Sai dai mai ciwon suga ma ana yi masa addu'a, kuma ba a fasa kai shi asibiti.

Na san abin da ke ranka: kada a ce an kai ɗan gidanku Kware. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke can ba na masu yawo a bola kaɗai ba ne. Mutane da yawa suna zuwa da safe su ga likita, su karɓi magani, su dawo gida kafin la'asar. Idan sunan ne ya yi wa Inna nauyi, asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yana da sashen a cikin gari. Likitocin wannan fanni ba su kai 300 ba a ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200, don haka samun su kusa da mu ni'ima ce. Ko doka ta sauya: a Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, ta maye gurbin ta 1958, ta kuma hana a wulaƙanta mai irin wannan lalura.

Likita zai fara da tambayoyi, wataƙila ya auna jini, don ƙarancin jini ma yana kawo kasala. Magani kuwa akwai na zama a tattauna da ƙwararre, akwai na sha irin su amitriptyline da fluoxetine. Ba sa aiki dare ɗaya, sai an yi makonni kafin a ga haske, kuma bayan an ji sauƙi ana ci gaba da sha aƙalla wata 6. A nan ake yawan tuntuɓe, mutum ya ga ya murmure ya ajiye magani, ciwo ya dawo. Ba ƙwayar maye ba ce. Wadda nake tsoro ita ce tiramol, kada wani abokin banza ya miƙa masa da sunan zai ji ƙarfi.

Maganar "kaya" da ya yi ba ta bar ni na yi barci ba, shi ya sa na tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Irin wannan tambaya ba ta cusa wa mutum tunanin, sau da yawa ma sauƙi yake ji an tambaye shi. Ya ce yakan so a ce bai farka ba, amma bai shirya komai ba. Duk da haka na sa an fitar da fiya-fiya da sauran maganin ƙwari daga gidan, kuma ɗan ƙanwar Inna yana kwana ɗakinsa.

Kai ne makwafin Baba yanzu, maganarka ta fi ta kowa nauyi a kunnensa. Ka kira shi, ba da faɗa ba, ba kuma da "ka daure kai namiji ne" ba. Ka tambaye shi yadda ya kwana, ka yi shiru ka saurara. Sannan ka gaya wa Inna da bakinka ka amince a kai shi asibiti, don ba za ta motsa ba sai ta ji daga gare ka. Ni zan raka shi ranar Litinin in Allah ya kai mu. Ɗinkin mutane na yi magana da maƙwabcin shagonsa zai ƙarasa, sai dai kuɗin mota da na magani, in da hali ka turo ta hannun Inna.

Ka gaishe mini da mutanen gida, da ɗan sunana. Ina jiran kiranka kafin Lahadi.

Wassalam,
Amininka na Sakkwato.