Tashar da Mutanen Chesham Suka Jawo Cikin Gari

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini. Duk lokacin da aka yi maganar jirgin ƙasa, abin da nake gani shi ne tsawon layin dogo, kuɗin da aka kashe, da hotunan manyan tashoshi. Ni kuwa ƙaramar tasha nake so in ba masu karatu labarinta, wadda nake shiga jirgi a cikinta kowace safiya in tafi aiki Landan.

Garin sunansa Chesham, yana gundumar Buckinghamshire ta ƙasar Ingila, a cikin tuddan Chiltern, kimanin kilomita 40 daga tsakiyar Landan. Nan ne ƙarshen wani reshe na layin Metropolitan, kuma a duk tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan babu wadda ta kai ta nisa daga tsakiyar birni. Sunan "ƙarƙashin ƙasa" ma bai dace da mu ba, domin a sarari jirginmu yake tafiya, ta taga kana kallon gonaki da kwarin kogin Chess. Dogon ƙwaya ɗaya ne tal, sama da kilomita 6 daga nan zuwa tashar Chalfont & Latimer, sai jirgi ɗaya ya fita kafin wani ya shigo.

An buɗe tashar ranar 8 ga Yuli, 1889. Kamfanin Metropolitan, wanda ya fara aiki a 1863 tsakanin Paddington da Farringdon, yana ƙarƙashin Edward Watkin a lokacin, mutum mai dogon buri. Ba Chesham ce a ransa ba. Niyyar ita ce layin ya zarce ya haɗu da babban dogon da ya bi ta wajen garin Tring, amma aka fasa, aka karkata babban layin ta Amersham zuwa Aylesbury a 1892. Haka Chesham ta zama ƙarshen hanya.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Da farko a bayan gari aka shirya kafa tashar. Mutanen gari suka ce ba su yarda ba, suka yi karo-karo har fam 2,000, kuɗi masu nauyi a wancan zamani, don a ƙara dogon ya shigo tsakiyar gari. Masu yin takalma ne da masu yin buroshi da 'yan kasuwa, sun san cewa tashar da sai ka nemi abin hawa kafin ka isa gare ta rabin tasha ce. Yau daga babban titin garin ka haura 'yar gangara, cikin minti biyu zuwa uku kana kan dandamali. A lokacin sanyi nakan fito da duhun asuba, numfashina yana hayaƙi, in tarar da ma'aikaciyar jinya da ɗalibai da dattijo mai jakar aiki duk sun tako da ƙafa. Ba na jin akwai wanda ya san sunayen waɗanda suka tara kuɗin nan a cikinmu, amma kullum guminsu muke ci.

Har 1960 kan jirgi mai tururi ne yake jan tsofaffin taragai na katako yana kai-da-komo a reshen, sannan aka sa lantarki. Filin sauke kaya, inda ake sauke kwal a loda kayan da garin ke sarrafawa, an rufe shi a 1966, yanzu wurin ajiye motoci ne. Shekara da shekaru, in ba safe da yamma ba, sai mutum ya sauka a Chalfont ya sake jirgi. A Disambar 2010 aka daina wannan wahala, jirgi ya riƙa wucewa Landan kai tsaye duk bayan rabin awa.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba a rushe tsohon ginin tashar ba. Ɗakin sigina yana nan, haka hasumiyar tankin da ake shayar da injin tururi ruwa, ko da yake an daɗe da daina amfani da su, kuma hukuma ta sa tashar cikin gine-ginen tarihi da doka ta hana a taɓa sai da izini. Inda wani dogo na biyu yake a cikin tashar a da, an mayar da shi lambun furanni. Wata rana na ga wata tsohuwa ta ɗaga jikanta tana nuna masa tankin, tana kwaikwayon kukan jirgin da ta shiga tana yarinya.

Roƙona gare ku, Malam Edita, idan wakilanku za su sake rubutu kan sabon layin dogo, su tambayi inda za a dasa ƙananan tashoshin, da tafiyar minti nawa ce a ƙafa daga gidajen mutane, da ko an nemi jin ta bakin mazauna garin kafin a buga turaku.

Naku,
Wani mai karatu, daga Chesham, Ingila