Rahoton ayyukan shekarar 2025 ga 'yan ƙungiyarmu masu shagunan unguwa a Garwa, arewacin Kamaru

Assalamu alaikum iyayenmu alhazai da hajiyoyi, 'yan uwa masu shago manya da ƙanana. Ga bayanin kwamiti kan abin da aka yi bana da abin da muke hangowa. Lissafin shiga da fita ma'aji zai karanta shi a zauren taro, kwafinsa kuma yana hannun sakatare.

Abin da ya fi fitowa fili a zagayen shagunan da muka yi shi ne, yawancinmu ba masu saye muka rasa ba. Jarin ne yake zurarewa ta kuɗin mota, da littafin bashi, da kayan da suka kwanta a kanta.

Sayen haɗin gwiwa

Kayan kudu, irin su sukari, shinkafar waje, sabulu da tumatirin gwangwani, sukan hau jirgin ƙasa ko babbar mota daga Duwala zuwa Ngaundere, daga nan su gangaro Garwa. Tun da litar gas, wato man dizal, ta tashi daga sefa 575 zuwa 720 a Fabrairun 2023, ta sake hawa 828 a Fabrairun 2024, kuɗin dako bai koma inda yake ba. Mai sayen buhu biyar shi ke ɗaukar wannan nauyi fiye da kowa, domin hannu uku ko huɗu kayan ke ratsawa kafin su iso shi.

Shi ya sa muka fi ba da ƙarfi ga haɗa oda, kuma ga tsarin da muka ga yana tafiya. Kowa ya rubuta abin da yake so da adadi, ya sa hannu. Kuɗi su cika kafin a kira dila, ba rabi ba, ba alkawari ba. Mutum biyu su karɓi kaya, su ƙirga, su ɗora wasu buhuna a sikeli tun mota ba ta tashi ba. A raba a ranar, kowa da rasit. Inda aka samu matsala, daga ɗayan biyu ne: ko wani ya ce a sa masa zai kawo gobe, ko an bar kaya sun kwana a shagon mutum ɗaya har aka fara zargin juna. Kuma kayan da ke gudu kaɗai ake haɗa wa oda. Turare da man shafawa kowa ya sayi nasa, don abin da ake so a Yelwa ba lallai ne shi ake nema a wata unguwa ba.

Muna kuma jan hankali ga na gida: man girki Diamaor na kamfanin auduga Sodecoton, shinkafar Yagwa, gyaɗa, masara, da albasar da ke cika kasuwar Pitowa ranar Lahadi. Tafiyarsu gajera ce, ana iya sayen kaɗan-kaɗan a juya.

Kayan Najeriya

Tun faɗuwar naira a 2023, robobi, takalma, biskit da taliya daga Mubi da Yola suka yi araha a idon mai sefa. Dama ce, amma da ƙaya a jikinta. Kafin ka sa farashi, haɗa canjin ranar da ka saya, da kuɗin mota, da na duwan (kwastam), da na 'yan dako, da abin da ya fashe a hanya, sannan ka raba bisa adadin da ya iso lafiya. Kada a cika shago da su. Idan naira ta ƙara sauka bayan ka saya, maƙwabcinka zai kawo irin kayan nan ƙasa da kuɗin da ka biya. A duba ranar lalacewa a jikin kwali da kuma jikin abin da ke ciki, don wani lokaci ba su zama ɗaya. Magani kuwa ba hajar shagon tireda ba ce, ƙungiya ba za ta tsaya wa wanda aka kama da shi ba.

Littafi, bashi da lampo

A zaman horaswa mun tsaya kan littafi uku: na ciniki, na kaya, na bashi. Wasu dattawanmu sun ce komai yana kansu. Muna girmama su, amma dokar harajin ƙananan hukumomi ta Disambar 2024 ta kawo lampo, wato haraji, na dunƙule da ake kira IGS, ga masu cinikin da bai kai sefa miliyan 50 a shekara ba, kuma bisa yawan ciniki ake sa mutum a aji. Wanda ba shi da rubutu, in aka ɗora shi a ajin da ya fi ƙarfinsa, da me zai yi musu? A tabbata kowa yana da NIU, wato lambar shaidar mai biyan haraji, a kuma adana kowace takardar biya.

Littafin kaya yana tona abin da ido ba ya gani. A ɗauki misali: kwalin da ke ba ka ribar 1,000 yana ƙarewa duk mako, a wata biyu ya kawo 8,000. Wanda ke ba ka 3,000 amma sai ya yi wata biyu a kanta, 3,000 ɗin ne kawai, ga jari a ɗaure. Haka buhun sukari mai kilo 50: in ana ƙulla shi kilo-kilo a leda, ba ya cika ƙulli 50, saboda ɗan ƙarin da hannu ke yi da wanda ke zuba ƙasa. A lissafa shi kan 49, a sa kuɗin leda a ciki.

Bashi ba za mu ce a daina ba, da shi muka fi manyan kantuna kusanci da mutanen unguwa. A dai sa masa iyaka. Kowane gida da adadin da ba ya wucewa da ranar biya, ma'aikaci ƙarshen wata, manomi lokacin da kuɗin auduga suka fito. Sabon bashi ba ya hawa kan tsoho. Abin da gidan mai shago ya ɗiba shi ma a rubuta, ko da sandar sabulu ce.

Zafi da ajiya

A Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40, bota kan narke, yis ya mutu, cakulan ya yi fari. A rage odarsu, a nesanta su daga kwanon rufi. Da damina kuma sukari da gishiri su jiƙe, gari ya dunƙule. Buhu ya hau katako, a bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da bango. Sabulu, omo da kananzir kada su haɗa kusurwa da gari ko shinkafa, ƙamshi yana kama su, matar da ta tuƙa tuwo ta ji sabulu kuwa ba ta dawowa. Sabon kaya ya koma baya, tsoho ya fito gaba.

Kuɗin waya da canji

Masu biya ta Orange Money da MTN MoMo sai ƙaruwa suke. Kada a miƙa kaya don an nuna maka saƙo a wayar mai saye, duba asusunka da kanka. Wanda ya kira ya ce ya turo bisa kuskure, kada a mayar masa sai an ga kuɗin a ciki. A tuna da kuɗin cirewa da harajin kashi 0.2 cikin ɗari da ke kai tun 2022. Sababbin sulallan da BEAC, babban bankin ƙasashen Afirka ta Tsakiya, ya fitar a Afrilun 2025, har da na 200, sun zo, amma canji bai wadata ba. Ba da alewa a madadin canji yana ɓata rai, gara a rubuta wa mutum ragowarsa.

Abin da ke gaba

Azumin 2026 zai kama a Fabrairu, ƙaramar salla ta faɗo cikin zafin Maris. Odar sukari, mai, madara, dabino da shayi ya kamata ta rufe tun farkon Janairu, kafin dilolin su ɗaga. Mai firiza zai ci kasuwar ƙanƙara, ruwan sanyi da zoɓo, sai dai ɗaukewar wuta kan narkar da ribar. Firiza mai aiki da hasken rana tana maganin haka idan batirin ya isa ɗaukar dare; masu saye su nemi takardar garanti. Akwai kuma matan da ba sa fita kasuwa: jerin farashi a WhatsApp da amintaccen mai babur ɗaya sun isa a fara kai musu kaya gida.

Abubuwa uku kwamiti zai kawo gaban taro don a yanke: a ware asusun haɗa oda daga na adashe, a hana wanda ya saɓa alkawarin biya shiga oda biyu masu zuwa, a kuma naɗa mutum ɗaya mai Faransanci da zai riƙa raka 'yan uwa ofishin lampo. Mai son shiga odar azumi ya kai wa sakatare jerinsa kafin ƙarshen Disamba.