Zuwa ga Baba Alhaji mai gyaɗa: ciwon daji gado ne?

Assalamu alaikum Baba. Ina gaishe ku da girmamawa, ina gaida iyali da abokan zama na kasuwa.

Tambayar da kuka bugo waya kuka yi mani a shirin lafiya na rediyo, lokaci ya ƙure ban ba ta haƙƙinta ba. Tunda a bainar jama'a kuka yi ta, a bainar jama'a zan amsa. Kun ce akwai wani gida a nan Maraɗi da uba da ƴaƴansa maza biyu suka rasu da ciwo iri ɗaya: ciki ya kumbura, ido ya yi ruwan ɗorawa, jiki ya zube cikin ƴan watanni. Yanzu autan gidan yana neman auren jikarku, dangi sun rabu, wasu na cewa gado ne, wasu na cewa sammu. Kuka ƙara da zolaya cewa in ni da na je karatun ƙwayoyin gado har Faransa ban iya warware wannan ba, to me aka je yi.

Tabbatar da abin da ya kashe su aikin likitan da ya duba su ne. Amma yadda kuka siffanta shi, ya yi kama da ciwon dajin hanta, kuma shi ne ciwon da na ƙare ƙuruciyata a kansa tun da na bar Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai. Amsata a gajarce: ciwon daji daga ƙwayoyin gado yake tasowa, amma mafi yawansa ba gadonsa ake yi ba. Wanda ake gada daga iyaye bai wuce kashi 5 zuwa 10 cikin 100 ba. Sauran ɓarna ce da ke samun mutum bayan an haife shi.

Ga yadda abin yake. A cikin ƙwayoyin jikinmu akwai wani dogon rubutu da ake kira DNA, mai haruffa iri huɗu kacal, wato A da C da G da T, amma jimillarsu ta kai wajen biliyan 3. Duk lokacin da ƙwaya za ta rabu biyu sai ta kwafe rubutun nan kaf. Kamar almajiri ne da allonsa: yana rubutu yana kuskure, shi ya sa ake da gardin da zai duba, ya sa a gyara, in ɓarnar ta yi yawa ya ce a wanke allon. Gardin jikinmu sunansa p53. An gano shi a 1979, kuma sai da aka kwashe shekara 10 ana zaton shi ke haddasa ciwon kafin a fahimci shi ke hana shi. In ya ga rubutu ya lalace sai ya tsayar da ƙwayar, ko ya sa ta kashe kanta. Kusan rabin dukkan ciwon dajin ɗan Adam, in aka bincika, za a tarar p53 ɗin ne aka nakasa. Giwa ma, duk girmanta, ba ta cika yin ciwon daji ba, kuma an gano tana ɗauke da kwafin wannan ƙwayar gado har 20, mu kuwa guda muke da shi, daga uwa da daga uba.

To wa ke nakasa shi a hantar mutanenmu? Nan ne maganar ta iso rumfarku, Baba, kuma ina roƙon ku yi mani haƙuri.

A 1960 talo-talo wajen 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗar Brazil. Da aka bi diddigi sai aka samu dafin wata fumfuna ce da ke kama gyaɗa da masara, aka sa masa suna aflatoksin. Idan ya shiga ciki, hanta ce ke ƙoƙarin sarrafa shi, garin haka sai ya rikiɗe ya manne wa DNA. A 1991 masu bincike biyu daban, wasu a kan marasa lafiyar kudancin Afirka, wasu a kan na Qidong a ƙasar Sin, suka ga abu ɗaya: dafin nan yana da wurin da yake sara a jikin p53, gurbi na 249, inda yake juya harafin G ya koma T. Harafi guda cikin biliyoyi, gardi ya makance.

Wannan harafin shi ne aikina. Akan kawo mani jinin marar lafiya a ƴar kwalba da ba ta kai ɗan yatsa ba. In ware ruwan jinin, in tsamo DNA da ƙwayoyin hanta suka zubar a ciki, in sa a na'urar da ke ninka guntun da nake so sau miliyoyi, sannan in zauna gaban kwamfuta ina bin layuka masu launi, harafi bayan harafi. A lafiyayyen wuri AGG ake karantawa. Ranar da na ga AGT, na san abin da mutumin ya daɗe yana ci, ko da ban taɓa ganin fuskarsa ba. A Gambiya an samu wannan tabo a jinin fiye da kashi ɗaya cikin uku na masu ciwon dajin hanta. Kuma ku lura, a hanta tabon yake tsayawa. Ba ya shiga maniyyi, ba ya shiga ƙwan mace, uba ba ya miƙa wa ɗansa shi. Abin da uba da ɗa suka haɗa shi ne rumbu ɗaya da tukunya ɗaya.

Sai abokin tafiyarsa, ciwon hanta nau'in B. Ƙwayar cuta ce da ke bi ta jini. Babba in ya kamu, galibi jikinsa kan kore ta. Jariri kuwa in ya ɗauka wurin haihuwa, 9 cikin 10 za su zauna da ita har girma, ba ciwo ba alama, tana cin hanta a ɓoye. Tana kuma yawo tsakanin yaran gida ɗaya, ta ƙuraje da raunuka, da askar da aka yi wa wannan aski ko kaciya ko tsaga aka juya kan wancan ba a sake ba. Wani bincike da aka yi a kan dubban maza a Shanghai ya nuna wanda ya haɗa cutar B da dafin fumfuna, haɗarin kamuwarsa da ciwon dajin hanta ya ninka na wanda ba shi da ko ɗaya kusan sau 60. Maza wannan dajin ya fi kamawa, kuma a yankinmu yana kayar da su suna tsakiyar ƙarfinsu, shekara 30 da wani abu zuwa 40 da wani abu. Shi ya sa in ya shiga gida sai a rantse gado ne.

Na gado na gaskiya yana nan, ban musa ba. Wata masaniya ƴar Amurka, Mary-Claire King, ta nuna a 1990 cewa akwai ƙwayar gadon da ke sa ciwon dajin mama ya bi zuri'a, wadda aka sa wa suna BRCA1, kuma Farfesa Olufunmilayo Olopade, ƴar Najeriya da ke Chicago, ta daɗe tana bin sawunta a matan Afirka ta Yamma. Alamarsa ita ce ya kama uwa da ƴa da inna tun suna da sauran ƙuruciya. Wannan wani babi ne, ba shi ne na gidan da kuka ambata ba.

Saboda haka ni dai ban ga dalilin hana auren nan ba, kuma ina ganin zalunci ne a rufe wa yaro ƙofa a kan abin da digon jini zai bayyana. A kai shi da yarinyar a yi masu gwajin cutar B. In yana da ita, ita ba ta da ita, a yi mata allurar rigakafi ta cika kafin tarewa, shi kuma likita ya riƙa duba hantarsa, domin akwai magani irin tenofovir da ke danne cutar ya rage haɗarin. Duk ɗan da suka haifa a nema masa allurar farko cikin awa 24, kada a jira suna. Taiwan ta fara yi wa jarirai wannan allura a 1984, ciwon dajin hanta a yaransu ya faɗi ƙasa. Sauran ƴan gidan su ma su je gwajin, har matan da aka aurar. A Yamai an buɗe sashen gashin ciwon daji na farko a ƙasar nan a 2021, abin godiya ne, amma na hanta yawanci sai ya ci ƙarfin mutum kafin a kai shi asibiti.

Saura naku, ku masu gyaɗa. Fumfunar nan tun a gona take shiga, musamman shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri ko gara ta huda kwanso, sannan ta yi ƙarfi a buhun da aka ɗinke da sauran danshi. Suya ba ta kashe dafin, tafasa ma haka. Abin da ke ci mani rai shi ne inda tsintacciyar gyaɗa ke ƙarewa. Mai kyau a auna wa mai kuɗi, wadda ta yamushe ko ta yi baƙi ko take ɗaci a sayar da tiyarta da araha ga mai ƙuli-ƙuli, dafin ya taru a tunkuza, yaran makaranta su saya su ci. In aka zuba wa saniya kuma ya fito a nono. A ƙasar Gine an gwada abubuwa masu sauƙi a wasu ƙauyuka: tsince gyaɗa da hannu, shanya ta a tabarma har ta bushe ƙarau, zuba ta a buhun da iska ke ratsawa, ɗora buhunan a kan katako. Sakamakon da aka fitar a 2005 ya nuna dafin da ke jinin mutanen bai kai rabin na mutanen ƙauyukan da ba a yi gwajin ba.

Ku ake saurare a layin ƴan gyaɗa, Baba, ni ba za su ji tawa ba. In kun yarda, ku tara mani su da matan da ke matsar mai wata ranar da kasuwa ta lafa, in zo, kowa ya kawo tiya ɗaya daga buhunsa mu duba tare. Ku gaida mani jikar taku.

Wassalam,
Ƴarku mai binciken ƙwayoyin gado, Maraɗi