Haɗin gwiwa da kamfanoni: a fara tambayar wa ke riƙe da jaka

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka in tofa albarkacin bakina kan wata magana da ta zama ruwan dare a tarukan kiwon lafiya, tun daga lokacin da ƙasashe masu ba da tallafi suka fara ɗaure bakin jaka. Duk wanda ya hau mumbari sai ka ji ya ce mafita ita ce haɗin gwiwa tsakanin gwamnati da kamfanoni masu zaman kansu, a tafa masa, ya sauka. Na yi shekaru ina aikin ajiya da rabon magunguna kafin in yi ritaya. Na ga inda wannan haɗin gwiwa ya ceci rayuka, na kuma ga inda ya zama ƙarfen ƙafa. A duk inda ya yi kyau, akwai mai saye da ke riƙe da kuɗi a hannu, ya kuma iya ciniki.

Masu karatu sun san yadda aka iso nan. Ranar 20 ga Janairun 2025 Shugaba Trump ya sa hannu kan umarnin dakatar da tallafin da Amurka ke bai wa ƙasashen waje na kwana 90, ya kuma sanar da ficewa daga Hukumar Lafiya ta Duniya. A watan Maris aka ce an soke kashi 83 cikin ɗari na shirye-shiryen hukumar ba da tallafi ta Amurka, USAID, zuwa farkon Yuli kuma aka rufe ta. Birtaniya ta ce za ta rage nata tallafin daga kashi 0.5 zuwa 0.3 cikin ɗari na kuɗin shigar ƙasa, ta karkata rarar ga harkar tsaro. A watan Yuni, Gavi, ƙawancen da ke saya wa ƙasashe matalauta allurar rigakafi, ta nemi dala biliyan 11.9 a taron Brussels, aka yi mata alkawarin biliyan 9 da ɗoriya, Amurka kuma ta ce ta daina ba ta ko sisi.

Abin da ake tsoron a rasa ba ƙarami ba ne. A 1990 yara sama da miliyan 12 ne suka mutu kafin su cika shekara biyar. A 2023 adadin ya gangaro ƙasa da miliyan 5, duk da cewa jama'ar duniya ta ƙaru sosai. Shan inna da ke nakasa yara wajen 350,000 a shekara a 1988, yau ainihin ƙwayar tata a Afghanistan da Pakistan kaɗai take yawo.

Bari in ɗauko misalin da na fi ƙauna, wato rigakafin sanƙarau. A 1996 annobar sanƙarau ta kama mutum sama da 250,000 a yankin da ya ratsa Afirka daga Senegal zuwa Habasha, ta kashe wajen 25,000. Ilimin haɗa rigakafi mai ƙarko yana nan a lokacin, sai dai manyan kamfanonin Turai da Amurka ba su ga ribar da za su ci daga talakawan Sahel ba. A 2001 Gidauniyar Gates ta ba da dala miliyan 70, Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar PATH suka ɗauki aikin. Abin da ya burge ni shi ne, kafin a nemi kamfani sai da aka tambayi jami'an lafiya na ƙasashen da abin ya shafa: nawa za ku iya saye? Suka ce in allura ɗaya ta wuce rabin dala, to a bar maganar. Da wannan farashin a hannu aka shiga neman wanda zai yi, har aka dace da kamfanin Serum Institute na Indiya. Fasahar haɗa allurar ma daga ɗakin binciken hukumar kula da magunguna ta gwamnatin Amurka ta fito. A Disambar 2010 aka fara yi wa jama'a allurar, mai suna MenAfriVac, a Burkina Faso, Gavi na biyan kaso mai tsoka, kuma cikin 'yan shekaru nau'in sanƙarau na A ya kusa ɓacewa daga yankin. Kamfanin ya ci ribarsa, ba wanda ya ce ya yi asara. Amma farashin mai saye ne ya yanka, kuma kuɗin saye na jama'a ne.

Labarin maganin cuta mai karya garkuwar jiki ma haka yake. A shekarar 2000, maganin mutum ɗaya na shekara yana cin sama da dala 10,000. A Fabrairun 2001 kamfanin Cipla ya ce zai sayar wa ƙungiyar likitoci ta MSF a kan dala 350. Duniya ta girgiza, amma ko dala 350 ɗin wa ke da ita a asibitocin Malawi ko Zambiya? Sai da aka kafa Asusun Duniya na yaƙi da ƙanjamau da tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro a 2002, Shugaba Bush kuma ya ƙaddamar da shirin Amurka na yaƙi da ƙanjamau, PEPFAR, a 2003, sannan aka samu masu saye da za su yi odar miliyoyin kwalabe su biya a kan lokaci. Yawan odar ne ya sa a 2017 aka kai ga yarjejeniyar dala 75 a shekara. Yanzu ga sabuwar allurar kariya ta lenacapavir, wadda ake yi sau biyu a shekara: a Amurka kuɗinta na shekara ya haura dala 28,000, amma a Satumbar 2025 aka sanar da cewa kamfanonin Indiya biyu za su sayar da irinta a kan dala 40 a shekara daga 2027. Madalla. Sai dai dala 40 sau miliyoyin mutane kuɗi ne, kuma wanda ya saba biya shi ne ya janye hannunsa.

A nan ne nake rabuwa da masu jawabin taro. Suna magana kamar kamfani zai gaji kujerar mai ba da tallafi. Kamfani mai sayarwa ne, kujerar da ta zama babu kowa kuwa ta mai saye ce. Banza ba ta kai zomo kasuwa, kuma ban ga laifin ɗan kasuwa ba don ya nemi riba. Sana'arsa ke nan. A tambayi kamfanin Aspen na Afirka ta Kudu. Lokacin korona, bayan Afirka ta sha wulaƙancin jiran ragowar allurai, aka yi ta kiran a kafa masana'anta a nahiyar. Aspen ya shirya, ya samu lasisin sarrafa allurar Johnson & Johnson da sunansa, sannan a 2022 ya fito ya ce ko oda ɗaya bai samu ba. Don gudun maimaita haka ne Gavi ta ƙaddamar da wani shiri a Paris a Yunin 2024, na dala biliyan 1.2 cikin shekara goma, domin ƙarfafa masu haɗa rigakafi a Afirka. Shiri ne mai kyau, amma kuɗinsa daga aljihun masu tallafin nan dai ya fito.

Malam Edita, bari in ba ka abin da na gani da idona. An taɓa kawo mana wata na'urar gwajin jini kyauta daga wani kamfani, aka yi biki, aka yanka ƙyalle, aka ɗauki hoto. Na'urar tana aiki kamar me. Sai dai sinadarin da take ci, kamfanin ne kaɗai ke yin sa, kuma da kuɗin waje ake saye. Muddin shirin tallafi na biya, kwalaye na zuwa duk wata uku, ina sa hannu ina jerawa a firji. Ranar da shirin ya ƙare, kwalaye suka tsaya. Mai kula da ɗakin gwajin ya samo wani tsohon zanen gado ya lulluɓe na'urar don ƙura, ya ɗora rajistar marasa lafiya a kai. Ta fi shekara a haka. Duk wanda ya zo gwaji sai a rubuta masa takarda ya tafi wani wuri ya biya da kuɗinsa, wanda ba shi da shi kuma ya koma gida. Ba wanda ya yaudare mu. Komai na rubuce a cikin takardar yarjejeniya, mu ne ba mu karanta ba, domin murnar kyauta ta rufe mana ido.

Abin da ya same mu a ɗaki ɗaya, ya samu ƙasar Lesotho a babban asibitinta. A 2011 aka buɗe asibitin Queen Mamohato a Maseru, wanda gungun kamfanoni ƙarƙashin jagorancin Netcare suka gina suke kuma gudanarwa, bisa kwangilar shekara 18, da shawarar reshen Bankin Duniya mai hulɗa da 'yan kasuwa. An yi ta nuna shi a matsayin abin koyi, kuma gaskiya ne ya fi tsohon asibitin da ya maye gurbinsa tsafta da kayan aiki. Amma kwangilar ta ƙayyade yawan majinyatan da za a duba, duk wanda ya ƙaru gwamnati za ta biya ƙari, jama'a kuwa suka yi ta tururuwa. A 2014 ƙungiyar Oxfam ta fitar da rahoton cewa asibitin da ƙananan asibitocinsa na lashe kashi 51 cikin ɗari na kasafin lafiyar ƙasar. An yi gardama kan wannan lissafi, amma ƙarshenta gwamnati ta soke kwangilar a 2021, tun wa'adinta bai cika ba. Ƙasar da yawancin mutanenta ke zaune a karkara da kan duwatsu ta zuba ƙarfinta a gini ɗaya a babban birni.

Wani zai ce to ina ka bar kamfanin Merck? Ban manta ba. Tun 1987 yake ba da maganin Mectizan kyauta don yaƙi da makantar da ƙudan bakin kogi ke jawowa, da alkawarin ci gaba har sai an gama da cutar, kuma ya cika alkawari. A Janairun 2025 Nijar ta zama ƙasar Afirka ta farko da aka tabbatar ta kawar da ita. Wannan abin yabo ne. Amma ƙwayar magani ba ta da ƙafa. Wanda ya kai ta shi ne ɗan sa-kai da ke bin gida-gida da sandar awo mai zane-zane, ya jingina yaro da ita ya ga tsawonsa, ya ƙirga masa ƙwaya ɗaya ko biyu ko uku, ya rubuta a littafi. Horar da shi, da man babur ɗin mai duba aikinsa, da albashin jami'ar da ke tattara littattafan, duk ba sa cikin kyautar. Irin waɗannan kuɗaɗen ne suka fara ƙafewa a 2025, kuma ba kamfanin da zai ɗauke su, don babu abin sayarwa a ciki.

Attajirai masu gidauniya ma ba za su cike gurbin ba. Bill Gates ya ce gidauniyarsa za ta kashe dala biliyan 200 zuwa 2045 sannan ta rufe. In aka raba, kusan biliyan 10 ke nan a shekara, kuma dama tana kashe sama da biliyan 8 tun kafin a fara yanke tallafi, ba kuma duka a kan lafiya ba. Kafin yankan 2025, Amurka ita kaɗai tana ba da wajen biliyan 12 a shekara ga lafiyar duniya.

Saura gwamnatoci. A Afrilun 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja cewa kowace ƙasa za ta ware kashi 15 cikin ɗari na kasafinta ga lafiya. Shekara ashirin da wani abu bayan haka, waɗanda suka taɓa cikawa ba su taka kara sun karya ba. Na san akwai uzuri na gaske: hukumar cinikayya ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce mutum sama da biliyan 3 na zaune a ƙasashen da kuɗin ruwan bashi ya fi abin da suke kashewa a lafiya ko ilimi. Duk da haka akwai waɗanda suka nemi hanya. Filifins ta ƙara harajin taba da barasa a 2012 ta zuba mafi yawan ƙarin a inshorar lafiyar talakawa. Ƙasashen Latin Amurka tun ƙarshen shekarun 1970 suke haɗa kuɗinsu a asusu ɗaya su sayi rigakafi a dunƙule, shi ya sa ƙaramar ƙasa ke samun farashin da ita kaɗai ba za ta samu ba. Afirka ta Kudu, da yake da kuɗinta take sayen mafi yawan maganin ƙanjamau, da aka yanke mata tallafi ta ji jiki, an rufe wasu cibiyoyi, an sallami ma'aikata, amma sayen maganin bai dogara da Washington ba. Gwamnatin da ta zo teburin ciniki da kuɗinta tana iya cewa ban saya ba. Wadda ta zo hannu rabbana kuwa, duk takardar da aka miƙo mata sai ta sa hannu.

Don haka roƙona gare ka, Malam Edita, shi ne duk ranar da aka gayyaci wakilinka bikin sa hannu kan irin wannan yarjejeniya, kada ya dawo maka da hoton musabaha kawai. Ya nemi ganin takardar. Ya tambaya shekara nawa za ta yi, da wane kuɗi za a biya, na gida ko dala, wa zai ɗauki nauyi in majinyata sun wuce adadin da aka rubuta, wa zai gyara na'ura in ta tsaya, kuma a wane layi na kasafin kuɗi aka ware abin biya. In an ce masa sirrin kasuwanci ne, ya rubuto mana hakan, tare da sunan jami'in da ya faɗa.

Na gode da wannan fili.

Naka,
Wani tsohon ma'ajin magunguna